Hannun Hagun Malam Atiku

Marin ya sauka a gefen allon kwamfutata, ƙau! Ta yi baya za ta kifa daga kan teburi, na yi wuf na tare ta da ƙirji. Kofin shayin da ke gefenta bai samu mai tare shi ba.

"Malam! Na ukku ke nan yau!"

Malam Atiku ya ɗaga hannunsa na hagu yana dubansa kamar na aro. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Lukmanu, ba ni na ba, shi na. Shekara talatin da ɗaya shina wanga aiki, yau ɗaya kac ce shi bari?"

Wanda bai taɓa ganin keken rubutu ba, ba zai gane laifin hannun ba. A keke, in ka kusa ƙarshen layi sai ƙararrawa ta yi ƙara, ka ɗaga hannun hagu ka bugi wani mariƙin ƙarfe, takarda ta koma farko, ka shiga sabon layi. Kwamfuta ba ta da ƙararrawa, ba ta da mariƙi, da kanta take sauka layi. Kan Malam ya yarda da haka tun ranar farko. Hannun ne ya ƙi. Da ya buga haruffa kamar sittin sai ya tashi da kansa, ya kai mari inda mariƙin ya kamata ya kasance.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a Wurno. Shi ne malamin aikin sakatare a wata makarantar 'yan mata da ke bayan gari: buga rubutu, tsara wasiƙa, ajiye takardu, yadda ake amsa waya a ofis. Dogo ne, siriri, kullum da biro biyu a aljihu, ja da shuɗi. Ni kuwa a firamare na tsaya. Na yi noman albasa, na yi gyaran rediyo, daga baya na sayi tsohuwar kwamfuta na yi ta taɓe-taɓe har ta bi ni. Yanzu ina da ɗan shago a kan tudu, ina buga wa mutane takardu, ina cike musu fom a intanet. Da yatsa biyu nake bugawa, kamar kaza tana tsintar tsaba. Malam yana da yatsa goma ba shi da kwamfuta, ni ina da kwamfuta ba ni da sai yatsa biyu. Shekara tara muna gaisawa a ƙofar gida, ba wanda ya taɓa tayar da maganar.

Abin da ya kawo shi shagona wani ɗaki ne. Wata ƙungiya ta kawo wa makarantarsu kwamfuta goma sha biyu, ta sa sola a kan rufi, ta kulle ɗakin. Sharaɗinsu shi ne sai malamin darasin ya ci wata jarrabawa ta intanet kafin a buɗe. An yi shekara biyu ɗakin na kulle, 'yan mata na leƙe ta taga. Sai takarda ta zo cewa in zangon karatun nan ya ƙare ba a ci jarrabawar ba, za a kwashe kayan a kai wata makaranta. Saura mako bakwai.

Ranar da ya nuna mini takardar, dariya na yi.

"Malam, wanga abu ba wuya. Na yi ma malamai sun kai goma, daga Rabah hal Goronyo."

"Ƙaƙa kaka yi, ba ance da kamara aka kallon mutum ba?"

Na nuna masa. Mai jarrabawa yana zama gaban kamara da allon haruffan da ba a jona ba, yana motsa yatsu. Ni ina zama gefen hagu inda kamara ba ta kai, da allon da aka jona, ina yin aikin. Mai sa ido tana can wani gari, fuska kawai take gani.

Ya daɗe yana duban kujerar da ke gefen hagu.

"To, sai su ba ni makulli," ya ce. "In buɗe ɗaki, ɗiya arba'in su shigo su zamna, su ɗaga kai su dube ni. Sai in ce musu mi? In ce ku jira in aika a kirawo Lukmanu shi kunna?"

Ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Bari in hwaɗa maka abin da ko matata Inno ba ta sani ba. Shekara shidda ke nan da anka sa kwamfuta cikin manhaja. Shekara shidda ina zana ta bisa allo da alli. In zana linzaminta hal da wutsiya, in ce ga dama, ga hagu. Ban taɓa riƙa shi ba. Ɗiyan mutane suna rubutawa, suna ci ga jarrabawa. Na gaji da wanga zane, Lukmanu. Koya min."

Muka yi yarjejeniya, domin Malam ba ya son a ba shi abu bai bayar ba. Kullum bayan la'asar zan koya masa kwamfuta, shi kuma ya koya mini yatsa goma.

Ban taɓa yin dariya irin ta makonnin nan ba. Linzamin kwamfuta ya riƙe shi kamar kunama. In kibiya ta kai ƙarshen allo sai ya ɗaga linzamin sama yana bin ta da shi a iska. Ranar da na nuna masa yadda ake goge kuskure da maɓalli ɗaya, ya goge, ya sake bugawa, ya sake gogewa, ya kai sau ashirin.

"Ba tabo? Ba farin ruwan gyara? Lukmanu, ka san yawan takardun da nis sa yara sunka sake daga farko sabo da harafi guda? Allah shi yahe min."

Ranar da muka shiga intanet na ce ya nemi duk abin da yake so. Ya yi tunani, ya buga sunan irin keken rubutunsa. Hotonsa ya fito, wai yana ajiye a gidan tarihi a wata ƙasa, cikin gilashi.

"Ka gani? Can sun sa shi gilashi, nan ni da shi muna zuwa aiki."

Daga nan ya nemi madatsar ruwa ta Goronyo, ya gan ta daga sama, ya bi gulbi da yatsa har fadamar Wurno yana neman gonar surukinsa ta Magarya. Ya rantse ya ga rumfar.

In lokacin koya mini ya yi kuwa sai fuskarsa ta sauya. Ya ɗauko wani ƙyalle ya rufe mini hannuwa da haruffan gaba ɗaya.

"Ido bisa takarda. Wanda ka duban yatsunshi bai yarda da su ba. Ƙaramin yatsa bisa A. A'a, wanga ba ƙarami na ba. Kai, albasa ta ɓata maka hannu."

"Malam, da biyun nan nika ci da iyali."

"Da biyu kaka ci. Da goma sai ka ƙoshi."

Shi da kansa in ya ɗora yatsu a kan haruffa, sai in bar abin da nake yi in saurara. Ba ya duban hannu, ba ya duban allo. Sautin kamar ruwan sama a kan kwano, bai ɗaya, ba gaggawa. Sai can, ƙau, mari. Na ɗaure kwamfutar da igiya a jikin teburi. Na dawo da kofin shayi gefen dama.

A mako na huɗu bai zo ba, kwana uku. Na ji an ce an kai shi asibiti a Sakkwato. Da ya dawo na shiga duba shi, na tarar da ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Ya ce gajiya ce. Da zan fita, matarsa Gwaggo Inno ta tsayar da ni a bakin zaure. Mace ce gajera, mai yawan magana, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, amma ita ke tuna wa Malam ranar da za a koma hutu.

"Lukmanu, zuciya ta. Likita ya ce ta gaji ƙwarai, a lallaɓa shi, a yi mai abin da shika so. Ka gane?"

"Na gane, Gwaggo."

"Shi ma ya sani. Shina yi awa ban sani ba, ni ma ina yi awa bai sani ba. Kai ma sai ka shigo cikinmu."

Kwanakin da suka biyo baya na yi ta juya abin a raina, ina aiki ina juyawa, ina cin abinci ina juyawa. Ni mutum ne da in tambaya ta kama ni ba ta sakina. Ga 'yan mata arba'in a bana, ga waɗanda za su zo baɗi da baɗin baɗaɗa. In na zauna a kujerar hagu minti arba'in, kwamfuta goma sha biyu sun zauna a Wurno har abada. In na bar shi ya yi da kansa, yana iya faɗuwa, yana iya ma rasuwa kafin ranar. To gaskiyar mutum ɗaya, wanda ya kusa tafiya, ta fi amfanin yara arba'in da za su daɗe a duniya? In ya faɗi, shi zai tafi da mutuncinsa, su kuma a bar su da leƙen taga. Wa ya tambaye su ko sun yarda a saya masa mutunci da rabonsu? Na kuma juya ta ɗaya gefen. Malamai goman da na yi wa, ina ɗakunansu yanzu? Na san uku daga ciki. An buɗe su ranar biki, an ɗauki hoto, an sake kullewa, domin mai makullin yana tsoron a gane shi.

Na kai masa maganar duk da haka. Mun mayar da darasi zaurensa, tunda hawan tudu ya fara yi masa wuya. Na jera masa hujjojina ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara har na gama, yana jujjuya jan bironsa.

"Hujjarka ta hi tawa ƙarhi," ya ce. "Ba ni da amsa."

"To, Malam?"

"To a'a."

"Ko da za su kwashe kayan?"

"Ba za su kwashe ba, sai in ka tsaya surutu ba ka koya min yadda aka liƙa takarda ga imel ba. Kunna."

Na kunna. Ban ji na ci gardamar ba, ban kuma ji an ci ni ba. Amma wani nauyi ya sauka daga wuyana, wanda ban san ina ɗauke da shi ba.

Matsalar da ta rage ita ce hannun. A jarrabawa, in ya mari kwamfuta kamara ta kauce, za a ce ya yi maguɗi. Mun gwada ya danne hannun da ƙarfin hali, sai saurinsa ya faɗi, kurakurai suka cika takarda. Ashe marin nan shi ne numfashinsa. Muka jingina matashi a wurin, ya faɗi. Muka kafa sanda, ya ji ciwo a yatsa.

Gwaggo Inno na zaune bakin ƙofar cikin gida tana tsintar shinkafa a faifai, tana kallonmu.

"Ku maza biyu da iliminku," ta ce. Ta juye shinkafar cikin ƙwarya, ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna hagu da shi, ta ɗaga faifan tsakanin hannunsa da kwamfuta. "Buga mu gani."

"Ke Inno, gaban yaro?"

"Yaron da ad da hurhura ga gemu? Buga."

Ya buga. Ruwan sama ya sauko. Hannun ya tashi, fat, ya sami faifai. Ta ɗan saki hannu faifan ya bi marin, ta dawo da shi. Bai tsaya ba. Fat. Fat. Kafin layi na biyar ta gane lokacin, tana ɗaga faifan daidai sa'ar da hannun zai tashi, ba ta ko duban allo.

"Ƙaƙa kika sanin lokaci?" na tambaye ta.

"Shekara talatin ina jin keken nan ta bayan katanga ina tuwo. In ƙararrawa ba ta yi ba, ni ina jin ta cikin kaina."

Malam ya dube ta ta saman tabarau. "Ashe sakatariya nika aure ban sani ba."

"Sai yau? Wa ka wanke maka tawada ga riga?"

Ranar jarrabawa Talata ce, ƙarfe goma na safe, saura kwana tara zango ya ƙare. Dole a yi ta a shagona, nan ne sabis ya fi ƙarfi. Na ɗaure na'urar intanet a kan gora na ɗaga ta sama da rufi. Na ɗauko Malam a babur a hankali, ya sa farar riga, biro biyu a aljihu, silifa a ƙafa. Gwaggo Inno ta biyo mu a ƙasa cikin babban hijabi, faifai a hammata, mutane na tambayarta ko biki za ta.

Mai sa ido ta fito a allo, wata matashiya mai suna Becky, da Hausarta irin ta mutanen Jos. Ta karanta dokoki, ta ce ba a yarda kowa ya zauna kusa da mai jarrabawa ba.

Na yi wa Gwaggo alama ta zauna a kujerar hagu, inda kamara ba ta kai. Ba wanda zai sani. Malam ya ga alamar. Ya miƙa hannu ya juya kwamfutar gaba ɗaya, har fuskar Gwaggo ta cika allo. Ta ja hijabi ta rufe baki.

"Ɗiyata," ya ce wa Becky, "wagga matata ta. Ba ta san A ba, ba ta san B ba. Faifanta nika son aro." Ya yi mata bayanin keke da mariƙi da mari, har ya ba ta labarin tabon da ke gefen allona.

Becky ta kifa kai a kan teburinta tana dariya. Da ta ɗago tana share ido ta ce, "Baba, na duba dokokin nan kaf, ba inda aka hana faifai. Mama ta zauna, amma a inda zan riƙa ganinta. Wancan mai shagon kuma ya fita waje."

Na fita. Na tsaya a taga ina leƙe, kamar 'yan matan makarantarsa.

Kashi na farko aikin kwamfuta ne, maki hamsin. Ya buɗe takarda, ya adana ta, ya nemo abin da aka ce ya nemo a intanet. Gumi ya jiƙa hularsa. Sai aka ce ya aika imel da takarda a liƙe. Ya aika, ya manta bai liƙa ba. Ya gane. Duk wani mutum sai ya sake aikawa kawai. Malam Atiku sai ya buɗe sabon imel, ya sa adireshi a sama, ya sa kwanan wata, ya sa gaisuwa, ya ja layi ƙarƙashin kan magana, ya shiga rubuta wasiƙar ban haƙuri cikakkiya a kan kuskuren da ya auku a wasiƙarsa ta baya. Ina taga ina cizon hula. Lokaci ya ƙare yana kan sa hannu, tambaya huɗu ko duba su bai yi ba.

Maki ashirin da huɗu. Ana cin jarrabawa da saba'in. Kenan sai ya sami arba'in da shida cikin hamsin da suka rage.

"Baba," in ji Becky, "a gaskiya ba a taɓa ba ni haƙuri mai kyau irin wannan ba. Amma ba shi da maki. Kashi na biyu bugun rubutu ne, minti goma. Yawancin mutane ba sa wuce maki talatin."

Malam ya cire hula ya ajiye. Ya murza yatsunsa. Ya dubi Gwaggo.

"Kin shirya?"

"Tun kahin a haihi yarinyar ga."

Ya ɗora yatsu.

Mai gyaran babur da ke maƙwabtaka da ni ya ajiye sifana ya zo taga. Mai sayar da albasa ya zo. Wasu mata biyu da ke wucewa suka tsaya. Ruwan sama a kan kwano, fat. Ruwan sama, fat. Idon Malam na kan rubutun da ake kwafa, bayansa a miƙe, ba ka ce shi ne mutumin da na tallabo daga kan babur ba. Gwaggo ta saki hijabin da ta rufe baki, ta riƙe faifai da hannu biyu, leɓenta na motsi. A minti na bakwai ya ɗaga hannuwansa duka biyu ya ɗora a cinya.

"Baba, ci gaba, akwai lokaci."

"Ya ƙare, ɗiyata. In akwai wani, kawo."

Ta duba sakamakon. Ta sake dubawa.

"Hamsin," ta ce. "Ko kuskure ɗaya babu. Saba'in da huɗu, Baba. Ka ci."

Gwaggo Inno ta rangaɗa guɗa a cikin shagona, har Becky ta toshe kunne. Mai albasa ya shiga tafi bai san abin da aka ci ba. Malam ya mayar da hularsa, ya ce wa Gwaggo ta yi a hankali, ofis ne nan.

Ranar Litinin aka buɗe ɗakin. Ya ce in zo, na zo na tsaya a baya. Makullin ya yi tsatsa, sai da aka ɗiga masa man gyaɗa. 'Yan mata suka shiga a hankali, uku ko huɗu a kan kowace kwamfuta, ba wadda ta yarda ta fara taɓawa. Malam ya zauna a kujera domin tsayuwa ta gagare shi. Ya sa aka yaye ledojin da aka rufe kwamfutocin da su. Ya miƙa yatsa ya kunna ta farko da kansa, ya jira har ta haska, sannan ya juyo.

"Kahin mu soma, akwai magana. Shekara shidda ina zana muku wanga abu bisa allo, ni da kaina ban taɓa taɓa shi ba. Ku yahe min, ku hwaɗa ma yayyenku da sunka wuce su yahe min. Yanzu na iya, amma ashirin da huɗu cikin hamsin. Sauran ashirin da shidda suna wurin wancan mai yatsa biyu. Zai riƙa zuwa ran Talata hal a turo sabon malami. Ko ba haka ba, Lukmanu?"

Bai taɓa gaya mini ba. Kai arba'in suka juyo suna dubana.

"Haka na, Malam. Amma yanzu yatsa bakwai na."

"Shidda da rabi."

Ajin ya kwashe da dariya, daga nan tsoro ya fita. Ya koya musu kunnawa da kashewa. Ya koya musu riƙon linzami, yana gargaɗinsu kada su ɗaga shi sama kamar wasu marasa wayo da ya sani. Ya nuna musu maɓallin gogewa, ya ce wannan rahama ce, amma kada su saba da ita. Wata mai suna Mashkura, 'yar garin Rara, ta roƙe shi ya buga su gani. Ya buga layi ɗaya, hannun ya tashi, ba faifai, ya mari kwamfutar ƙungiya ƙau. Sai da shugabar makaranta ta leƙo don jin abin da ya sa ake ihu.

Darasi uku ya yi a ɗakin. Ran Alhamis ya kasa tashi. Ya ƙi a mayar da shi Sakkwato. Ya yi kwana takwas a kwance, mutane na shiga suna fita, yana ba kowa labarin saba'in da huɗu, kullum yana ƙara wa Becky tsawon dariya. Ya sa na buga masa takardar shaidar, Gwaggo ta rataye ta a bango kusa da kekensa. Ya sa na zo da kwamfuta na yi bugu a gabansa da ƙyalle a hannu. Ya ce bakwai, ya yarda, bakwai.

Ran Juma'a da hantsi ina shirin fita shago, Gwaggo ta ƙwanƙwasa katanga.

"Lukmanu, zo ka zamna da mu."

Na shiga. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan tabarma. A tsakar gida kaji na bin shinkafar da aka shanya, ba mai korarsu. Malam na kwance rigingine, numfashinsa na fita da tazara. Gwaggo na zaune hagu da shi tana yi masa fifita da faifan. Na durƙusa kusa da kansa na yi kalmar shahada, ya maimaita, a hankali amma kowane harafi ya fita. Ya lumshe ido.

Can sai na ga yatsunsa na motsi a kan bargo. Duka goman, kowanne a wurinsa, ƙaramin yatsa a gefe. Ba sauti, amma na san saurin. Gwaggo ma ta gani. Ta daina fifita. Leɓenta ya fara motsi kamar ranar shago.

Ta dubi faifan da ke hannunta, ta ajiye shi a kan tabarma. Ba ta damu da ina wurin ba. Ta buɗe tafin hannunta, ta ɗaga shi daidai inda ya kamata.

Hannun hagun ya tashi daga kan bargo, a hankali ƙwarai, ya tafi ya same shi. Ta rufe yatsunta a kansa, ba ta saki ba.